Jagora: yadda za ka bi diddigin asarar atam a ragar haske, daga bozon zuwa famiyon

Abin da ake fara koya wa ɗalibin da ya shiga fagen atam masu tsananin sanyi game da asara shi ne yadda zai kauce mata: a ƙara zuƙe iskar ɗakin gwaji, a nisanta launin leza daga inda atam ke shan haske, a rage cunkoso. Shawara ce mai kyau, amma ba ta kai ƙarshen zance ba. A cikin ragar haske asara ba da ka take ɗiba ba, zaɓe take yi. Tana kwashe atam ɗin da suka yi wani irin zama, ta bar waɗanda suka yi wani, don haka waɗanda suka rage ba irin waɗanda ka fara da su ba ne. Wani lokaci ma, idan ta yi ƙarfi sosai, ita da kanta take hana atam zubewa. Wannan jagora na wanda yake son ya lissafa abin ne, ko ya kwaikwaye shi a kwamfuta, ko ya karanta sakamakon gwaji ya gane abin da yake kallo.

Ragar haske ana yin ta ne da hasken leza biyu masu fuskantar juna. Inda suka haɗu sai su bar jerin wurare masu haske da masu duhu da ba sa motsi, tazarar kowane biyu rabin tsawon zangon hasken. Da leza mai nanomita 1064, tazarar nanomita 532 ce. Aka yi haka ta fuskoki uku, an sami gurabe jere kamar na dara, kowane atam a gurbinsa, sai dai shi atam yana iya kutsawa gurbin maƙwabci ba tare da wani ya ɗaga shi ba. Zafin wurin kuwa ana auna shi ne da nanokelbin. Eric Cornell da Carl Wieman sun sami dunƙulewar Bose da Einstein, wato taruwar atam masu yawa a yanayin kwantam guda, da rubidiyam-87 a cibiyar JILA ta Kolorado a Amurka a 1995, Deborah Jin da Brian DeMarco suka sanyaya famiyon na fotasiyam-40 a wannan cibiyar a 1999. A 1998 Dieter Jaksch da Peter Zoller da abokan aikinsu suka nuna cewa atam a ragar haske suna bin tsarin Hubbard, wato lissafin da ke duba kutsawa tsakanin gurabe da makamashin zama gurbi ɗaya, a 2002 kuma Markus Greiner da Immanuel Bloch da abokansu a Munik suka ga rubidiyam ya sauya daga malala maras tirjiya zuwa daskarewar Mott, inda turejeniya ke maƙale atam a gurabensu. Famiyon sun bi sahu a 2008, a Zurik da kuma Mainz.

Kafin komai ka san wane iri ne a hannunka, domin atam iri biyu ne, bozon da famiyon. A atam maras caji, lissafa nutiron kawai: in adadinsu cika ne, bozon ne, in mara ne, famiyon ne. Rubidiyam-87 yana da 50, bozon ne. Fotasiyam-40 yana da 21, litiyam-6 yana da 3, duka famiyon. Bozon suna iya taruwa nawa ma a yanayi ɗaya. Famiyon biyu masu kama ɗaya ba sa taɓa zama a yanayi ɗaya, wannan ita ce ƙa'idar Pauli, kuma kusan duk bambancin da za mu gani daga nan ya taso.

Mataki na farko: gano wace irin asara ce

Iri uku ne. Akwai ta ɗaiɗai: ragowar iskar ɗakin gwaji, wadda ke yawo da zafin ɗaki, ta bangaji atam ta fitar da shi. Ana rage matsin ɗakin zuwa kusan 10^-11 na miliba, atam su rayu daƙiƙa gommai, amma ba a kawar da ita gaba ɗaya. Akwai ta bibbiyu: atam biyu su haɗu a gurbi ɗaya, su yi karon da ke sakin makamashi, su fice tare. Haka ke faruwa ga molekul masu sarrafa juna, da atam da aka ɗaga zuwa mataki na sama mai daɗewa, da kuma inda aka haska leza da gangan don ta haɗa biyu su zama molekul. Sai ta uku-uku: biyu su ɗaure su zama molekul, na ukun ya ɗauki rarar makamashin, duka ukun su bar tarkon da ke riƙe da atam.

Hanyar rarrabe su tana cikin yadda adadi ke raguwa. Idan n shi ne yawan atam a wuri, asarar ɗaiɗai tana bin dn/dt = −γn, ta bibbiyu dn/dt = −βn², ta uku-uku dn/dt = −Kn³. To ka zana bayananka sau uku: logaridim ɗin n da lokaci, 1/n da lokaci, da 1/n² da lokaci. Wanda ya ba ka miƙaƙƙen layi shi ne ke jan ragama. Wannan gwaji na farkon lokaci ne kawai, kuma yana ɗaukar cewa yawan atam ɗaya ne ko'ina, alhali a tarko tsakiya ta fi gefe cika. Idan babu wanda ya miƙe, kada ka yi saurin cewa kayan aiki ne suka lalace. Lanƙwasar nan sau da yawa ita ce abin da ake nema.

Mataki na biyu: fitar da lambobi uku

Kana bukatar J, ƙarfin kutsawa zuwa gurbin maƙwabci. U, makamashin da atam biyu ke biya idan sun zauna gurbi ɗaya. Da Γ, saurin mutuwar gurbin da ke da atam biyu. Ma'aunin zurfin raga shi ne makamashin ja-da-baya, Er = h²/(2mλ²), inda h lambar Planck ce, m nauyin atam, λ tsawon zangon haske. Ga rubidiyam-87 a nanomita 1064, Er/h ya kai kusan kilohaz 2. A zurfin Er 10, J kusan 0.02 Er ne, wato wajen haz 40. A zurfin Er 20 ya faɗi zuwa wajen haz 5. Ka lura da yadda J ke rushewa da zarar raga ta ƙara zurfi, domin zai dawo ya dame mu a wajen awo.

U da Γ kuwa tushensu ɗaya, duka biyun sun dogara ne da yadda aka matse atam a cikin gurbi, shi ya sa ƙara zurfi ke ɗaga su tare. A lissafi ana haɗe su a lamba guda mai ɓangaren zato: U − iħΓ/2, inda ħ = h/2π. Ka riƙe wannan rubutun da kyau. Yana gaya maka cewa asarar bibbiyu 'yar'uwar turejeniya ce tsakanin atam, abin da ɗaya ke iya yi ɗayar ma tana iya yi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan na ma'auni ne. J da U ana rubuta su da haz, wato J/h, Γ kuwa da "sau nawa a daƙiƙa". Kafin ka kwatanta su, ninka J/h da U/h da 2π. Wanda ya manta wannan, tunda J sau biyu yake shiga lissafin da ke tafe, zai kauce da kusan ninki 40.

Mataki na uku: lissafin Zeno

Ɗauki bozon biyu, kowanne a gurbinsa, gurabensu na maƙwabtaka. Babu wanda zai zube sai ɗaya ya kutsa wurin ɗaya. Ƙarfin wannan kutsen √2·J ne (√2 ɗin na bozon ne, domin shiga inda ɗan'uwa yake ya fi musu sauƙi). Idan J ƙarami ne a kan U ko ħΓ, lissafin kusantawa, wanda J ke shiga sau biyu, yana ba da saurin asara ta wannan hanya:

Γ' = 2(J/ħ)²·Γ / [(U/ħ)² + Γ²/4]

Kada ka wuce wannan layin sai ka sa masa lambobi da hannunka. Ga misali na koyo: J/h haz 100, U/h haz 1000, wato J/ħ ≈ 628 da U/ħ ≈ 6283 a daƙiƙa. Idan Γ = 1,000 a daƙiƙa, Γ' ya fito kusan 20. Ka ɗaga Γ zuwa 12,566, wato daidai inda ħΓ = 2U, Γ' ya hau zuwa kusan 126. Ka ƙara zuwa 100,000, ya sauko kusan 31. Ka kai shi miliyan ɗaya, ya koma kusan 3. An ninka mugun halin gurbi sau dubu daga inda aka fara, amma atam sun fi daɗewa.

Dalilin ba sihiri ba ne. Kutsawa a duniyar kwantam ba tsalle ɗaya ba ce, a hankali igiyar atam ke taruwa a gurbin maƙwabci. Idan gurbin yana share duk abin da ya fara taruwa cikin lokaci 1/Γ, igiyar ba ta samun sararin girma, sai ta koma inda ta fito. Wannan shi ake kira tasirin Zeno na kwantam, sunan da Baidyanath Misra da George Sudarshan suka ba shi a 1977, inda suka nuna cewa yawan duba tsari yana hana shi sauyawa. A nan asarar ce ke yin dubawar, ba tare da tsayawa ba. A ganina wannan shi ne abu mafi kyau a fagen baki ɗaya, kuma lissafinsa bai wuce layi uku ba.

An gan shi da ido. A 2008 rukunin Gerhard Rempe a cibiyar Max Planck ta Garching a Jamus sun ɗora molekul na rubidiyam biyu-biyu, ɗaya a kowane gurbi, suka sassauta ragar ta fuska ɗaya. Molekul ɗin nan idan biyu suka haɗu nan take suke halaka, amma sai aka ga sun daɗe fiye da yadda lissafi maras zurfi ya nuna, domin sun daina shiga wa juna. A 2013 rukunin Herwig Ott a Kaiserslautern sun harba siririn zaren ilektiron a kan dunƙulallen rubidiyam, suna ƙirga ayon ɗin da ke fitowa. Da suka ƙara ƙarfin zaren, ƙirgen ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka.

Aikinka a wannan mataki shi ne ka san wane gefen ƙololuwar kake. Idan ħΓ bai kai 2U ba, ƙara Γ zai ƙara asara. Idan ya wuce, ƙara shi zai rage ta. Alamar da ba ta ɓata a gwaji: a gefen Zeno, saurin asara yana bin J², yana kuma raguwa kamar 1/Γ. Rukunin Jun Ye da Deborah Jin a JILA sun tabbatar da duka biyun a 2014 da molekul na fotasiyam da rubidiyam, suna sauya zurfin raga ta fuskar tafiya don juya J, ta sauran fuskokin kuma don juya Γ.

Mataki na huɗu: abin da ke faruwa da bozon

Bozon suna son taruwa, asarar bibbiyu da ta uku-uku kuwa masu taruwa suke ci, don haka saurin asara ya zama ma'aunin yadda suke cuɗanya. A iskar bozon mai ɗan ɗumi, damar samun uku wuri ɗaya ta ninka ta dunƙulallen yanayi sau 6, wato 3×2×1. Rukunin Cornell da Wieman sun auna wannan a 1997 da rubidiyam-87, suka sami K na dunƙulallen yanayi kusan 6×10^-30 cm^6 a daƙiƙa, na iska mai ɗumi kuma ya fi shi da ninkin da ya dace da hasashen.

A cikin raga lissafin na gurbi-gurbi ne. Asarar bibbiyu tana tafiya da n(n−1), ta uku-uku da n(n−1)(n−2). Gurbi mai atam ɗaya ko biyu bai san asarar uku-uku ba. Mai uku yana da 6, mai huɗu 24, mai biyar 60. Shi ya sa a daskarewar Mott, inda tsakiyar tarko ke da atam da yawa a gurbi, gefe kuma ɗaiɗai, tsakiyar ce ke fara ruɓewa. Idan kana son yanayin Mott mai daɗewa, rage yawan atam har tsakiya ta tsaya a ɗaya ko biyu. Kuma ka sani asarar da ke cin tsakiya tana ɗumama iskar, domin waɗanda ke tsakiya su ne masu ƙarancin makamashi, an kwashe su an bar masu zafi.

Idan asarar bibbiyu ta shiga gefen Zeno, bozon sukan koma kamar masu tsananin turejeniya, babu biyu a gurbi. A layi ɗaya irin waɗannan bozon suna kwaikwayon famiyon, abin da ake kira iskar Tonks da Girardeau. Rukunin Yoshiro Takahashi a Kiyoto sun nuna wani fanni na wannan a 2017 da itabiyam-174: suka fara da yanayin Mott, suka kunna lezar da ke halaka duk atam biyu da suka haɗu, suka rage zurfin raga a hankali. Narkewar Mott ta yi jinkiri, daidaituwar igiya tsakanin gurabe ta kasa girma yadda ta saba. Asarar uku-uku mai ƙarfi ma tana yin irin wannan aikin, ta hana uku zama gurbi ɗaya ta ƙyale biyu. Andrew Daley da abokansa sun yi hasashen haka a 2009, rukunin Hanns-Christoph Nägerl a Innsbruck ta Ostiriya kuma sun ga yanayin Mott na sisiyam ya daɗe a 2012 duk da atam ɗin na jan juna, inda a ka'ida ya kamata su rufta wa juna.

Amma jinkiri ne, ba tsira ba. Bozon iri ɗaya a sarƙa mai baki biyu ba su da wurin ɓuya na dindindin, a ƙarshe sai dai a rage da ɗaya ko babu ko ɗaya. Abin da ke sauyawa shi ne salon raguwar. Lissafi maras zurfi yana cewa n zai bi 1/t, amma a layi ɗaya a gefen Zeno nazarin da Davide Rossini da Leonardo Mazza da abokansu suka fitar a 2021 ya nuna raguwar ta fi haka jinkiri, tana bin 1/√t. Ka ga dalilin da zanen 1/n zai iya lanƙwashewa alhali asarar bibbiyu ce zalla.

Mataki na biyar: famiyon, inda sipin ke yanke hukunci

Fara da mafi sauƙi. Idan duk famiyon ɗinka sipin ɗinsu, wato halin juyi na cikin atam, ɗaya ne, kuma suna a matakin makamashi na ƙasa na ragar, biyu ba za su taɓa haɗuwa a gurbi ba, don haka babu asarar bibbiyu. Idan sipin iri biyu ne, biyu na iya haɗuwa amma uku ba za su iya ba, domin dole biyu daga ciki su yi kama. Wannan kariyar ce ta sa ake iya kai litiyam-6 wurin da karo ya fi ƙarfi, kusa da gaus 832 na maganaɗisu, iskar ta zauna lafiya, alhali bozon a irin wurin kan ƙare cikin ƙiftawar ido. Da aka ƙara sipin na uku, a Heidelberg a 2008, asarar uku-uku ta dawo da ƙarfinta.

Yanzu ɗauki famiyon biyu maƙwabta, ɗaya sipin sama ɗaya ƙasa. Ana iya cewa ai sun bambanta, za su haɗu. Amma yanayin "sama, ƙasa" haɗi ne na yanayi biyu rabi da rabi: wanda jimillar sipin ɗinsa sifili ce, ana ce masa singilet, da wanda jimillarsa ɗaya ce, tirifilet. Singilet kaɗai ke iya zama gurbi ɗaya. A tirifilet, hanyoyi biyun da za su kai atam gurbi ɗaya suna soke juna daidai wa daida. To asara za ta cinye singilet ta bar tirifilet. Ka shirya irin waɗannan tagwayen gurabe dubu, ka jira, rabi za su wofinta, rabi su tsaya cak.

Faɗaɗa wannan zuwa sarƙa. Duk biyun da suka fice jimillar sipin ɗinsu sifili ce, don haka jimillar sipin ta tsarin, S², ba ta sauyawa ko da atam na raguwa. Adadi yana sauka, sipin yana nan, har a kai inda waɗanda suka rage duk sun daidaita, S = N/2, babu sauran singilet tsakanin kowane biyu. Nan asara ke tsayawa. Yi lissafin: atam N₀, rabi sama rabi ƙasa, ba tare da wata alaƙa tsakaninsu ba, suna da matsakaicin S² daidai N₀/2. A ƙarshe S² = (N/2)(N/2 + 1). In ka fara da 100, kusan 12 zuwa 13 za su tsira. Adadin masu tsira yana bin √N₀, kuma suna cikin yanayin Dicke, mai sarƙaƙƙiyar alaƙar kwantam tsakanin dukansu. Michael Foss-Feig da Ana Maria Rey da abokansu suka nuna haka a 2012. Abin burgewa a nan shi ne ba a bukaci ƙarin sanyi ba, asarar ce ta yi tankaɗe. Rukunin Klaus Sengstock da Christoph Becker a Hambag sun gwada da itabiyam-173, wanda ke da yanayin sipin shida: suka ɗaga atam zuwa mataki mai daɗewa da lezar agogo mai nanomita 578, suka sake su a layi, adadi ya ragu da farko sannan ya tsaya bai kai sifili ba.

Akwai wani sakamako da ke biyo baya. Ba tare da asara ba, famiyon masu turejeniya a raga sun fi son maƙwabta su saɓa sipin, da ƙarfin musaya 4J²/U, singilet shi ne mai ƙarancin makamashi. Asara kuwa shi take ci. Don haka alaƙar maganaɗisu tana juyewa daga saɓawa zuwa daidaitawa, tsarin ya ƙare a yanayi mai yawan makamashi maimakon mai kaɗan. Masaya Nakagawa da Masahito Ueda da abokansu sun yi hasashen haka a 2020, rukunin Kiyoto suka gani a tagwayen gurabe da itabiyam-173 a 2023. Ga bozon masu sipin iri biyu abin akasi ne, tirifilet ke haɗuwa ya mutu, singilet ya tsira.

Kada wannan ya sa ka raina asarar ɗaiɗai ga famiyon. Ita ba ta san sipin ba, tana fasa yanayin Dicke kamar yadda take fasa komai. Kuma tana da wata illa ta musamman: atam ɗin da aka cire daga can ƙasan tekun Fermi, wato matakan makamashin da famiyon suka cike tun daga ƙasa, ya bar gurbin makamashi a buɗe, na sama su gangaro su cike shi, rarar ta zama zafi. Eddy Timmermans ya yi bayanin wannan a 2001. Iskar da ta fi sanyi ita ta fi jin wannan ɗumin, shi ya sa masu neman tsarin maganaɗisu a raga ke damuwa da asarar da ba ta wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba.

Mataki na shida: kwaikwayo a kwamfuta

Wannan ɓangaren ba ya bukatar leza, ɗalibin fizik a Zariya ko Yamai mai kwamfutar cinya zai iya yin sa yau. Tsarin da ke asara ana bin sa da lissafin Lindblad, na 1976. Kana bukatar Hamiltoniyan na Hubbard, wato lissafin makamashin tsarin, da "masu tsalle", ɗaya ga kowane gurbi j, inda a_j da c_j ke cire atam guda daga gurbin: √γ·a_j na asarar ɗaiɗai, √(Γ/2)·a_j² na bozon bibbiyu, √Γ·c_j↓c_j↑ na famiyon. Rabin da ke cikin na bozon ba ado ba ne, shi ke sa gurbi mai biyu ya mutu da saurin Γ daidai. Masu rubutu sun saɓa a nan, ka duba ma'anar Γ ta kowa kafin ka kwatanta lambobi.

Manhajar QuTiP ta Python kyauta ce. Fara da gurabe biyu da mesolve, umarninta na warware lissafin Lindblad, ka sake fitar da lambobin mataki na uku (ka tuna a gurabe biyu hanyoyin haɗuwa biyu ne, don haka 2Γ' za ka gani), sannan ka tabbatar rabin famiyon sun tsira. Sai ka ƙara gurabe. Girman aikin na hawa da sauri: famiyon a gurabe 8 suna da yanayi 4^8, wato 65,536, cikakken matiris ɗinsu kuwa yana da lambobi fiye da biliyan 4, kusan gigabait 69. Mafita ita ce hanyar tsalle-tsallen kwantam, wadda Jean Dalibard da Yvan Castin da Klaus Mølmer suka fitar a 1992, mcsolve a QuTiP. Maimakon matiris, kana bin igiya guda mai nauyin megabait ɗaya, tana tafiya da U − iħΓ/2, lokaci-lokaci ƙuri'a ta faɗo a cire atam, ka maimaita sau ɗaruruwa ka ɗauki matsakaici. Kuskure yana raguwa kamar 1/√M, M adadin maimaici. Ga sarƙa mai gurabe gommai sai an haɗa wannan da DMRG, wata dabarar taƙaita igiyar doguwar sarƙa.

Abubuwa biyu ka kiyaye. Idan Γ babba ne, tazarar lokacinka dole ta gaza 1/Γ, alhali abin da kake jira yana ɗaukar 1/Γ', don haka a can cikin Zeno ya fi sauƙi ka haramta zama biyu gaba ɗaya ka yi aiki da Γ' kai tsaye. Na biyu, yi amfani da sarƙa mai baki biyu. Idan ka haɗe ta ta zama zobe, daidaiton zoben kan haifar da ƙarin yanayin da asara ba ta taɓawa, waɗanda ba za ka same su a tarko na gaske ba.

Mataki na bakwai: awo, da inda ake zamewa

Tsarin gwajin kusan ɗaya ne ko'ina. A ɗora atam a raga mai zurfi, ɗaya a gurbi, a kunna asara, a sassauta fuska ɗaya don J ya farka, a jira lokaci t, a daskarar, a ɗauki hoto a ƙirga. Hoton yana lalata iskar, don haka kowane ɗigo a zanenka sabon shiri ne daga farko. Auna γ daban da famiyon masu sipin ɗaya ko da raga mai zurfin da babu kutse. Auna Γ daban ta hanyar shirya gurabe masu biyu da gangan. Zurfin raga kuwa ka auna shi da matuƙar kula: a wajen Er 10, kuskuren kashi 5 cikin ɗari a zurfi yana zama kusan kashi 25 a J².

Ka kwatanta ħΓ da tazarar da ke tsakanin matakin ƙasa na raga da na sama da shi. Idan sun kusa, tsarin Hubbard mai mataki ɗaya ya daina aiki, domin atam biyun da ke gurbi ɗaya kan lanƙwasa igiyarsu su nisanci juna, Γ na gaske ya gaza wanda ka lissafa. Wannan ya bayyana a gwajin JILA na 2014, sai da aka shigar da matakan sama lissafi ya dace da awo. Idan kuma da madubin iskar kwantam kake aiki, mai ɗaukar hoton atam gurbi-gurbi, irin wanda aka fara a Harvard a 2009 da Garching a 2010, hasken hoton kansa yana korar atam bibbiyu, gurbi mai biyu ya fito wayam, mai uku ya fito kamar mai ɗaya.

Sai babbar tambaya: adadi ya daina raguwa, shin yanayin Dicke ne, ko dai atam sun yi nisa da juna ne, ko gangaren tarko ya maƙale su sun kasa haɗuwa? Juya sipin ɗin duka da bugu ɗaya ba zai amsa ba, domin S² ba ya jin wannan. Abin da zai amsa shi ne ka sa bambancin makamashi tsakanin sipin sama da ƙasa ya sauya daga gurbi zuwa gurbi na ɗan lokaci, wanda ke mayar da tirifilet singilet. Ga fotasiyam da litiyam gangaren maganaɗisu ya isa; ga itabiyam, da sipin ɗinsa na cibiyar atam ne kuma da ƙyar yake jin maganaɗisu, ana yi da hasken leza mai bambanta sipin, kamar yadda ake yi a Kiyoto. Idan bayan wannan asara ta sake tashi, sipin ne ya tsayar da ita. Idan adadi bai motsa ba, koma ka duba tarkonka da yawan atam ɗin da ka fara da su.